Wata tara ba aiki: in sayar da babur in "shuka iri"?

"Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni Kirista ne, ina zaune a Damagaram da matata da 'ya'yanmu uku, ƙaraminsu shekararsa biyu. Shekara shida ina riƙe da sito a wata ƙungiyar agaji, ni ke lissafin kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Da kuɗin proje suka yanke aka sallame mu, yau wata tara ke nan. Na ajiye takardu wurare da dama, shiru. Mai gidan da nake haya yana bina kuɗin wata uku, jika 25 kowane wata. Mai shagon unguwarmu, Musulmi ne mutumin kirki, yana bina jika 40 na shinkafa da mai da sabulu. Matata tana ɗinki, da abin da take samu muke ci, amma ba ta san bashin ya kai haka ba, na ce mata wata ɗaya kawai ake binmu. Kullum da safe nakan fita kamar mai zuwa neman aiki, in zauna gindin bishiya har azahar.

Na sha yin azumin kwana uku ba ci ba sha. Yanzu in na durƙusa ba abin da ke fitowa daga bakina. Na bar zuwa sujada saboda kunyar lokacin baiko da tambayoyin mutane. Wani baƙon mai wa'azi ya ce akwai abin da ya tsare mini ƙofa, in sayar da babur ɗina in shuka iri, wato in ba shi kuɗin a matsayin baiko, cikin kwana 21 za ta buɗe. Ƙanin matata kuma yana cewa in bi shi arewa wajen haƙar zinariya. Shin Allah fushi yake yi da ni? In sayar da babur ɗin? In tafi?"

Wani ɗan'uwa daga Damagaram

Ɗan'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da iyalinka. Sannu da haƙuri. Wata tara magidanci yana kallon tukunyar gidansa ba da guminsa aka ɗora ta ba, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma ka yi daidai da ka faɗa. Bari mu fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka sayar da babur ɗin. Ko mai wa'azin ya sake kiranka, ko ya ce lokaci yana ƙurewa, ka ce masa a'a.

Ka tambaya ko Allah fushi yake yi da kai. Duba yadda aikin ya tafi. Ba a kama ka da sata ba, ba a kore ka don sakaci ba, kuɗin proje ne suka yanke aka sallame ku gaba ɗaya. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, masu ba da tallafi da yawa sun dakatar da kuɗinsu ko sun rage, ayyukan ƙungiyoyi suka tsaya a jihohi da dama. Waɗanda abin ya shafa akwai Musulmi akwai Kirista, akwai mai yawan addu'a akwai wanda bai damu da ita ba. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya jawo, sai ya ce ba na mutumin ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yahaya 9:1-3). Abokan Ayuba sun shafe surori suna nema masa laifin da ya jawo asararsa, a ƙarshe su Allah ya tsawata wa (Ayuba 42:7). In akwai wani zunubi da ka sani a zuciyarka, ka furta shi, ka karɓi gafara, an gama. Amma kada ka zauna kana tonon laifin da babu shi don kawai ka samo wa wahala dalili.

Akwai ayoyi biyu da ake yawan jifan marasa aiki da su, wataƙila kai ma kana jifan kanka da su cikin dare. Ta farko ita ce 2 Tasalonikawa 3:10, a kan wanda ba zai yi aiki ba kada ya ci. Bulus yana magana ne a kan wanda ya ƙi aiki, ba wanda ya nema ya rasa ba. Ta biyu 1 Timoti 5:8, a kan wanda bai kula da iyalinsa ba. Wannan ta mai hali ce da ya juya wa nasa baya. Mutumin da damuwar iyalinsa ta hana shi barci ba shi ake nufi ba.

To, maganar shuka iri. Za mu ɗan daɗe a nan, don wannan koyarwa ta cinye dukiyar talakawa da yawa, kuma waɗanda suka fi faɗawa cikinta su ne masu son Allah da gaske. Ayar da aka fi kafa hujja da ita ita ce 2 Korantiyawa 9:6, wadda ta ce mai shuka kaɗan kaɗan zai girba. Ka buɗe sura ta 8 da ta 9 ka karanta su gaba ɗaya. Gudummawa ce Bulus yake tarawa domin matalautan ikilisiyar Urushalima. Wato da a ce yau ake wannan tarin, gidanka yana cikin waɗanda za a kai wa, ba waɗanda za a karɓa daga hannunsu ba. A nan ne ma ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba nufinsa ba ne a sauƙaƙa wa waɗansu a ƙuntata wa masu bayarwa (8:12-13). In sun kawo maka labarin gwauruwar da ta zuba anininta biyu, ka ja idonka sama kaɗan zuwa Markus 12:40, inda Yesu ya la'anci malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Sa'ad da Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sami baiwar Allah, amsar Bitrus ba ta da laushi ko kaɗan (Ayyukan Manzanni 8:18-20).

Ba mu san zuciyar wannan mai wa'azi ba, wataƙila shi ma haka aka koya masa. Amma ka lura da yadda cinikin yake. Shi zai karɓi kuɗi a hannu ya koma garinsu. In kwana 21 suka cika ba aiki, za a ce bangaskiyarka ce ta gaza, ko irin ya yi kaɗan. Ba wata hanya da laifin zai koma kansa. Kai kuwa ka rasa abu ɗaya tak da zai iya kawo kuɗi gidanka a wannan mako, ga bashin mutum biyu a wuyanka. Kuɗin da za ka ba shi, a gaskiya, haƙƙin mai gida ne da mai shago. Ka kai maganar gaban faston ikilisiyarku da dattawa, don wataƙila ba kai kaɗai ya faɗa wa haka ba.

Labarin da ya dace da halinka yana cikin 2 Sarakuna 4:1-7. Matar wani annabi ce mijinta ya mutu ya bar bashi, mai bin bashi yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu. Elisha bai ce ta kawo masa komai ba. Tambayarta ya yi abin da take da shi a gida. Ta ce ɗan mai ne kawai. Ya aike ta wajen maƙwabta aron tuluna, wato dole ta buɗe baki mutane su san halin da take ciki. Da man ya yalwata ya ce ta sayar, ta biya bashi, ita da 'ya'yanta su ci saura. Kai a gidanka akwai babur, akwai keken ɗinki, akwai shekara shida na sanin lissafin sito, akwai mace mai riƙon amana. Daga nan za mu fara.

Zakka kuwa daga abin da ya shigo ake fitar da ita. Wanda bai sami komai ba, ba a binsa komai. A Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ma an keɓe zakkar shekara ta uku domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Ran Lahadi in kana da dala biyar ka saka, in babu ka bar kwanon ya wuce, ka ci gaba da waƙarka. Kada ka ci bashi don baiko.

Ka ce in ka durƙusa ba abin da ke fitowa. Wannan ba alamar mutuwar bangaskiya ba ce. Gajiya ce, da yunwa, da ɓoyon da kake yi. Romawa 8:26 ta san da irin wannan lokaci, ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Saboda haka ka rage tsawo, ka riƙe lokaci. Minti goma sha biyar da asuba, kafin yara su tashi, wuri ɗaya kullum. In bakinka ya ƙi, ari bakin Dawuda: ka karanta Zabura 13 da murya. Aya shida ce, ta fara da tambayar "har yaushe" sau huɗu, ta ƙare da dogara. Ranar da ko wannan ƙarshen ya fi ƙarfinka, ga Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da an warware komai ba, kuma Allah ya bar ta cikin Littafinsa. Bayan haka ka yi Addu'ar Ubangiji a hankali, ka tsaya a kan abincin yini. Sai ka ambaci bukatunka da sunansu da adadinsu: jika 75 na haya, jika 40 na shago, mutumin da za ka je gani yau, tsoron da kake ji na yi wa matarka magana. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka roƙa da ranar, a ɗaya shafin kuma abin da ya zo, ko da kwanon tuwo ne daga maƙwabta. Zuciyar da ke cikin ƙunci tana saurin manta alheri, rubutu yana taimakonta.

Ba za mu ce maka in ka yi haka aiki zai zo ranar kaza ba. Ba wanda aka ba wannan sani. Bulus ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙayarsa, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:8-9). Abin da Filibiyawa 4:6-7 ta alkawarta wa mai kai roƙonsa da godiya shi ne salamar da za ta tsare zuciyarsa da tunaninsa, kuma mutum yana bukatar wannan kafin ya iya zama gaban mai bin bashi ya yi magana da hankali.

Azumin kwana uku ba ruwa, ka dakatar da shi. A zafin Damagaram, musamman Afrilu da Mayu, jiki yana bushewa da sauri, ƙoda tana wahala, mai gyambon ciki ko ciwon suga ko hawan jini yana iya faɗuwa. Kai da abincinka ya riga ya ragu, ba ka da abin da za ka ƙara ragewa. Azumi ƙasƙantar da kai ne gaban Allah, ba hanyar matsa masa ba. In kana so ka yi, ka tsallake abinci ɗaya a mako, kana shan ruwa. Lokacin da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da mala'ika ya fara kawo masa gurasa ce da ruwa, aka bar shi ya yi barci, aka sake ciyar da shi, sannan magana ta biyo baya (1 Sarakuna 19).

Yanzu abin da ya fi wuya, wanda muke ganin shi ne ya fi toshe maka baki wajen addu'a: matarka. Ka ɓoye mata don kana tausayinta, da kuma don kunya, mun gane. Amma ka tsaya a matsayinta. Tana lissafin gida a kan bashin jika 25, alhali 115 ne. Da ta sani, wataƙila da akwai abin da ba za ta saya ba, akwai ɗinkin da ba za ta ba da bashi ba. Kuma a unguwa magana ba ta ɓuya. In ta ji daga bakin matar mai shago, ko ranar da mai gida ya yi sallama da fushi, zafin ƙaryar zai fi na bashin. Ka faɗa mata cikin kwana biyu ko uku. Da dare, bayan yara sun yi barci, ba lokacin da take kan keke ko ta gaji da girki ba. Ka fara da gode mata a kan watannin da ta riƙe gidan, ka faɗi adadin duka a zama ɗaya ba tare da ragewa ba, ka gaya mata inda kake zama da safe, ka roƙi gafararta. In ta yi kuka ko ta yi fushi, kada ka kare kanka, kada ka ce "ai don ke na yi". Ka ba ta kwana ɗaya ko biyu. In kana tsoron zaman zai ɓaci, ka roƙi wani dattijo da matarsa waɗanda ku biyu kuke girmamawa su zauna da ku. Daga nan ku riƙa addu'ar yamma tare, gajeriya, yara ma kowa ya faɗi abu ɗaya na godiya.

Washegari ku ɗauki takarda ku biyu. Ku rubuta duk abin da ke shigowa a mako da duk abin da ke fita, har kuɗin kati na waya da na cefane. Abinci da ruwa da maganin yara su ne gaba, sai haya, sai wuta, sai makaranta, sai tsohon bashi. Gida mai mutum biyar da ke dogara da hatsi yana cin kusan tiya ɗaya a yini, buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40 ne ko kusa da haka, to ka ga buhu ɗaya ya wuce wata. Shinkafar shago a kan bashi ta fi wannan tsada nesa. In kuɗi ya shigo da kaka, lokacin da hatsi da wake suke araha, a saya a ajiye, don daga bazara zuwa tsakiyar damina farashi hawa yake. Ku kuma sa kunne lokacin da OPVN, hukumar gwamnati mai ajiyar cimaka, ke sayar da hatsi da rahusa, mai unguwa yakan san ranar da wurin. Ɗan autanku bai kai shekara biyar ba, yana cikin waɗanda gwamnati ta yafe wa kuɗin ganin likita a asibitocinta, ko da yake wani lokaci sai an sayi magani a waje. Da damina kuma kada ya tsallake maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa wata-wata. Zazzaɓi ɗaya da aka yi wa jinkiri yana iya cinye kuɗin hayar wata.

Wani abu da ke kashe sana'ar mata a irin wannan hali shi ne cin jari. Kuɗin zare da yadi da gyaran keke su zauna daban, riba kaɗai ke shiga tukunya. Kada a jinginar da keken ko a sayar, ko me ya faru. In tana cikin adashi ko ƙungiyar ajiya irin ta Mata Masu Dubara, wadda aka faro a jihar Maraɗi a 1991, ta ci gaba da zubi ko da mafi ƙanƙanta ne. Kai kuma kana iya ɗauke mata zuwa Kasuwar Dole sayen kaya, da kai ɗinki gidajen mutane, da rubuta masu bashi, musamman gab da Salla da Kirsimeti da komawar makaranta a Oktoba.

Mai gida da mai shago su ma suna da iyali. Abin da ya fi ɓata wa mai bin bashi rai ba jinkiri ba ne, a riƙa kauce masa a hanya ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma su ma sun sani. Ka je wajen mai gida da kanka kafin ya zo, da wani dattijo in zai yiwu. Ka faɗa masa gaskiya, ka kawo tayin da za ka iya cikawa: misali kuɗin wata mai ci a kan lokaci, da jika 5 a kan tsohon bashi, wanda zai ƙare cikin wata 15. In takardarku ta nuna jika 25 ta fi ƙarfinku yanzu, kada ku jira bashin ya kai wata shida. Ku nemi gida mai araha, ku sa masa ranar tashi, a rubuta sauran bashin gaban shaidu. Mai shago kuma ka gode masa, ka daina ɗaukar sabon bashi, ka riƙa kai masa jika 2 duk mako, cikin mako 20 an gama. Alkawarin da ka san ba za ka cika ba kada ka yi shi don a rabu lafiya. Yadda ka riƙe amanar wannan maƙwabci Musulmi shaida ce da ta fi wa'azi. Abin da za ka guje wa shi ne cin bashi mai ruwa don biyan wani bashin.

Ka duba kuma ko tsohon wurin aikinka ya sallame ka yadda doka ta ce. Dole su ba ka takardar shaidar aiki, su biya kuɗin hutun da ba ka ci ba, sauran haƙƙoƙi kuma sun danganta da irin kwantiragin da ka sa wa hannu, mai wa'adi ne ko marar wa'adi. Ka ɗauki kwantiragin da takardun albashinka ka je ofishin sufeton ƙwadago a nan Damagaram su duba maka, kuma kada ka ƙara jinkiri, don neman haƙƙin albashi yana da wa'adi. Ka leƙa CNSS, asusun da ake zuba wa ma'aikata kuɗin fansho, ka tabbatar an zuba maka kuɗin shekarun nan shida. Ba su biyan marar aiki, amma wannan zubin shi ne fanshonka gobe. Ka yi rajista a ANPE, hukumar da ke kula da masu neman aiki, ka karɓi katinsu, don sanarwar aiki da yawa suna neman sa. Ka tanadi kwafin takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa da na karatu, an buga musu hatimi. Takardar kotu mai nuna ba ka da laifi kuwa galibi ana son wadda ba ta wuce wata uku ba, to kada ka kashe kuɗi a kanta sai ka ga sanarwar da ta dace da kai. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi ta waya kafin a ɗauke ka aiki, ko a Facebook ka gan shi ko a WhatsApp, ɗan damfara ne.

Ajiye takarda a ƙofa a koma gida jira ba ya isa. Ka rubuta sunayen mutum goma da suka san aikinka, tsofaffin shugabanninka, direbobi, 'yan kasuwar da suke kawo muku kaya, ka riƙa ganin biyu duk mako ido da ido. Ka faɗi abin da ka iya a fili: lissafin shiga da fita, ƙidayar kaya, tsara sito yadda kaya ba za su lalace ko su ɓace ba. Manyan 'yan kasuwar hatsi da wake da riɗi, masu sayar da siminti, kantunan magani, duk suna asara ta wannan fanni. Ka ce a gwada ka wata ɗaya.

Kafin nan, babur ya fita aiki. Mun san abin da zai zo maka: tsohon ma'aikacin ƙungiya a kan kabu-kabu, mutane za su gani. Za su gani, su yi magana mako ɗaya, su saba. Bulus da hannunsa ya ɗinka tantuna a Koranti tare da Akila da Biriskilla. Ka fara da gyara takardu, lasin da katin babur da inshora da abin da ma'aikatar magajin gari ke nema, don kamu ɗaya yana cinye ribar mako. Ka sa hular kwano. Kowace yamma ka raba kuɗin gida uku: na mai, na gyara da juyen baƙin mai, sannan na gida. Masu cinye kason gyara su ne babur ɗinsu ke tsayawa ranar da taya ta fashe. Ya fi maka ka nemi abokan hulɗa na dindindin, kamar kai yara makaranta da ɗauko su a biya ka a wata, ko kai wa masu shago kaya, da yawon neman fasinja. Ka guji dare da unguwannin da ba ka sani ba. Ka keɓe safiya biyu a mako don neman aikin da ka iya. Ba da babur ga wani yaro ya riƙa kawo kuɗin yini yana yiwuwa, amma lalacewa da haɗari a kanka za su faɗo.

Ran Lahadi mai zuwa ka koma sujada. Masu tambaya ka ba su amsa ɗaya: "Har yanzu muna nema, ku sa mu a addu'a, in kun ji wani wuri ku tuna da ni." Wannan amsa ta mai da mai tambaya mai taya ka nema. Cikin mako ka ga fasto shi kaɗai ka faɗa masa komai. Ka tuna ikilisiyoyinmu a nan ƙanana ne, fasto da kansa sau da yawa yana cikin rashi, to kada ka sa ran za su biya jika 115. Ka roƙi abin da za su iya: tiya kaɗan na hatsi daga asusun taimako, dattijon da zai raka ka wajen mai gida, zumuntar mata su kawo wa matarka ɗinki, ɗan'uwa ɗaya da za ku riƙa haɗuwa duk mako ku yi addu'a ya kuma tambaye ka ina ka je. Karɓar taimako ba faɗuwa ba ce, tun ikilisiyar farko ake rabon abinci kullum (Ayyukan Manzanni 6). Mu kuma da ke cikin ikilisiya, ɗan'uwa ya ɓace watanni ba wanda ya taka zuwa gidansa, wannan abin dubawa ne a gare mu.

Tafiya arewa ba zunubi ba ce, cin rani tsohon abu ne a ƙasar nan, kuma ƙanin matarka da alheri yake nufi. Sai dai tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 mutane suka ga waɗanda suka dawo da mota, ba su ƙirga waɗanda suka dawo da bashi da ciwon ƙirji ba, ko waɗanda rami ya rufta da su, ko 'yan fashi suka tare. Kai ba mahaƙi ba ne, kuma kuɗin mota da guzuri daga babur ɗin nan za su fito. Shawararmu ka ba abin da muka zayyana wata uku cur. In bayan haka ba abin da ya motsa, ku sake zama da matarka. Ko a lokacin, kada ka tafi sai da yardarta, da sanin takamaiman aikin da za ka yi da wanda zai biya ka, da kuɗin komowa a ajiye daban, da abincin wata biyu a gida, da yarjejeniya da mai gida don kada a tashe su kana nesa. Neman aikin sito a Maraɗi ko Agadas ko Yamai, inda akwai ikilisiyar da za ta karɓe ka, ya fi ramin zinariya kusa da abin da ka iya.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka raina shi. Zaman gindin bishiya kai kaɗai, guje wa mutane, bushewar baki, duk mun ji su a wasiƙarka. In ka kai mako biyu ba barci, abinci ba ya shiga, ba abin da ke faranta maka rai, ka je asibiti ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mana. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, kuma shan maganinsa ba ya rage wa mutum bangaskiya. In kuwa tunani ya taɓa zo maka cewa gara ba ka da rai, ko iyalinka za su fi hutawa in ba ka, kada ka kwana da shi. A ranar ka faɗa wa matarka ko fasto, su raka ka babban asibitin Damagaram. Ka sake rubuto mana bayan ka zauna da maman yara da mai gida, mu ji yadda lissafin ya tsaya, mu duba mataki na gaba tare. Muna yi muku addu'a.